Tabarau na Baba

Kwana tara da cire wa Baba yanar ido a asibitin Gee,
likita ya ce shi da rana sai gaisuwa daga nesa,
a nemo masa baƙin tabarau.
Na ce zan sayo in kawo.
Ya ce, "Goro ne da za a aiko mini?
Fuskar da za ta ɗauka, ita za ta je."

Muka shiga mota daga Aboabo,
hannunsa a kafaɗata, don sabo,
ko da yake yanzu shi ke nuna mini kwata.

A bakin Kejetia, tsakanin mai rake da mai kwakwa,
Gariba ya jingina allonsa da ginshiƙi,
tabarau rataye sahu-sahu kamar jemagu,
ga ɗan tsagaggen madubi ɗaure da zare.

Na farko mai kusurwa huɗu ne.
Baba ya ce, "Na mai karɓar haraji."
Na biyu ya rufe shi har kunci.
Ya ce, "Ni tela ne, ban taɓa walda ba."
Na uku mai sheƙi, kana ganin kanka a ciki.
Ya ce, "Mai gaishe ni ya gaishe ni,
kada ya tsaya gyaran hula a idona."

Gariba ya duƙa, ya lalubi gindin jaka,
ya fito da wani, ya goge da bakin riga:
zagayayye, kamar maɓallan kwat guda biyu,
ƙafafunsa siraran waya, launin shayi.
"Ya kwana biyu a wurina, Baba.
Sai mai doguwar fuska yake yi wa kyau.
Mai kumatu in ya sa, mujiya sak."

Shekara arba'in Baba na auna mutane,
ba a yi masa gaggawa.
Ya buɗe ƙafar, ya rufe, ya saurara.
Ya ɗaga gilashin ya dubi wayar lantarki,
ya ga ko za ta lanƙwashe.
Ya ɗora a karan hanci,
ya sunkuya kamar mai ruku'u.
Bai zame ba.

Sai ya jawo madubin.

Mai rake ya sayar da sanda biyu,
wata mai ɗauke da kwanon doya ta ce mu kauce,
Baba bai motsa ba.
Shekara shida ke nan
fuskar nan inuwa ce gare shi a ruwan alwala.
Can ya ce, "Ashe Inusa bai tafi duka ba."
Wansa ke nan, direban motar goro,
wanda hotonsa ke bisa keken ɗinki,
da irin wannan tabarau, yana dariya.

Ya juyo, ya ɗage gilashin zuwa goshi,
ya ƙanƙance ido, ya daɗe a kan gemuna.
"Kai, Mumuni, yaushe ka yi furfura?
Kuma ba wanda ya gaya mini?"

Gariba ya ce sidi sittin.
Baba ya ce ashirin, albarkacin ƙurar da ya sha.
Aka rantse da Hausa, aka koma Tonanci,
aka kira mai kwakwa shaida.
Talatin da biyar, da tsumman gogewa.
Na sa hannu a aljihu, ya buge shi.

A hanyar komawa yana gaba,
yana karanta rubutun motoci da ƙarfi,
yana kushe ɗinkin rigunan masu wucewa,
idanunsa biyu baƙaƙe, zagayayyu,
Kumasi ƙarama na juyi a cikin kowanne.

Ni ina baya da ledar magani.
Kafaɗata ta yi sakayau.
Har muka kai gida ina taɓa wurin.